Lambar Umma

Duk abin da ya sami Yaya a tafiyar nan mijinta ne ya jawo, kuma ko a gaban alƙali haka za ta faɗa. Mutumin nan da ƙannenta ke kira Masani a bayan idonsa bai taɓa taka matakalar jirgi ba, amma in ka ji yana bayanin ƙasashen waje sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Ana gobe za ta tafi da Baba asibitin waje a yi masa aikin zuciya, sai ga shi ya faɗo shagon ɗinkinta da sabuwar waya a kwali yana washe baki. Wai tsohuwar tata abin kunya ce, fuska a tsage, baya a ɗaure da roba. Wai ta bar ta da layinta a ciki, shi zai riƙa amsa kiran masu ɗinki don kada kasuwa ta watse kafin ta dawo. Ita kuwa in ta sauka layi sai ta zaɓa, a bakin titi ake tallansa kamar gyaɗa. Kada dai ta kuskura ta saya a filin jirgi, nan ne ake yankan baƙi. Har 'yar wayar Baba mai madannai sai da ya sa aka bari a gida, wai a can ba abin da za ta tsinana.

Da a ce kanta ba a cike yake ba, da ta tsaya ta yi tunani. To amma ga magungunan Baba, ga takardun likita, ga kayan sanyi, ga yara da za a bar wa maƙwabciya. Ta karɓi wayar ta jefa a jaka, har da godiya. Wannan godiyar ita ce ta fi ci mata rai daga baya.

A filin jirgin can kuwa ga rumfar masu sayar da layi nan tana ƙyalli, wata yarinya har ɗago mata hannu take yi. Yaya ta ɗauke kai ta tura keken Baba ta wuce, tana jin kanta wayayyiya wadda ba a cuta.

Ɗakin da aka ba su a asibiti tsaf yake, gado mai tashi da kansa, labule mai ruwan toka, taga wadda ba ta buɗuwa. Likita ya zo da tafinta, wata doguwar mata mai tabarau, aka yi musu bayani dalla-dalla. Gobe da safe za a yi aikin. In aka rasa goben, layin marasa lafiya ya yi tsawo, kafin a sake zagayowa kan Baba izinin zamansu ya ƙare, zuciyar kuma ba irin wadda za ta jira ba ce. Yaya ta ce ai ba abin da zai sa a rasa, don wannan suka baro gida.

Likita na fita Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Tsohon hedimasta ne, kuma duk wanda ya tashi a gidansa ya san in hula ta sauka kan gwiwa, to hukunci zai fito. Da sunan mahaifiyarsa aka yi wa Yaya huɗuba, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

“Uwata, ki nemo mini Auta a waya. Ba zan kwanta a tsaga ni ban ji muryarsa ba.”

Yaya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Rabon da ta yi magana da ƙanen nan nata tun ranar da Umma ta rasu, shekara ta zagayo ta sake zagayowa. Ranar tana shago tana fama da kayan bikin wasu, wayarta ta yi ta ruri a kan teburin yanka, lambar Umma ce. Ta kife wayar ta ce bari ta ƙarasa hannun rigar nan tukuna, ai Umma kullum cikin kira take. Ko da ta isa gida ta tarar an rufe wa Umma fuska. Ta laluba ƙarƙashin filo ba wayar Umma, ashe tana aljihun Auta. Nan a gaban masu zaman makoki ta kira shi ɓarawo, marar kunyar da bai iya jira gawa ta huce ba. Shi kuma ya dube ta ya tambaye ta ko wayar da aka yi ta kiranta da ita ta ƙi ɗauka take nema. Daga ranar ta goge lambarsa, in ya shigo gidan Baba ta ƙofa ita ta fice, ko sunansa ba a ambata a gabanta.

Ta yi wa Baba magiya, ta ce ya bari sai an gama aiki ya warware, sai ya yi hira da ɗan lelen nasa har ya gaji. Baba ya mayar da hularsa ya juya wa bango fuska. Ta san wannan juyin, ko motar shanu ba ta juyo da shi. Ta figi jaka ta fita tana cizon leɓe.

A barandar asibitin an manna takarda cewa akwai intanet kyauta. Ta ce madalla, ta danna. Abin ya ce ta sa lambar wayarta a turo mata wasu lambobin shiga. Wace lambar? Waya ba layi, layi yana can gida. Ta tambayi wata nas ko za ta ara mata tata, nas ta yi murmushi ta ce tata ba ta kiran waje, wayoyin asibitin kuma daga ɗaki zuwa ɗaki kawai suke. Ta kwatanta mata kantin layi a hayin babban titi.

Ina gyaɗar da Masani ya ce ana talla? Ta taka titin nan har takalmi ya fara cin dunduniyarta, ba ta ga ko mai tallan allura ba. Ta hau gadar masu ƙafa ta sauka, ta sami kantin, wani wuri mai ƙofar gilashi da sanyi kamar firji. Ta nufi teburi kai tsaye, mai gadi ya tare ta ya nuna mata wani inji da ke tofo 'yar takarda mai lamba. Ta zauna tana kallon allo yana kiran kowa ban da ita. Da aka zo kanta, mai kantin, wani mutum mai cin cingam kamar an yi masa wahayi da shi, ya miƙo hannu bai ko ɗago kai ba. Fasfo yake so. Fasfo kuwa yana can wajen masu rajista a asibiti, su suka karɓa da safe. Ta haɗa guntun turancinta da nunin hannu ta ce masa babanta ne ba lafiya, ya yi mata rai. Ya ɗaga kafaɗa ya danna ƙararrawar na gaba.

Ta sake hawa gadar nan, ta karɓo fasfo, ta sake hawowa, ta sake karɓar takarda a bakin inji. A kowace matakala sai ta ambaci Masani, kuma ba da alheri ba.

Wannan karon mai cingam ya karɓi fasfo ya ɗauki hotonsa, ya turo mata wani ɗan gilashi ta ɗora yatsa. Ta ɗora, wuta ta kawo ja. Ya goge gilashin ta sake, ja. Ya kama hannunta ya juya yana kallo, ya kira abokiyar aikinsa ita ma ta leƙo, suka yi wata magana da yarensu. Yaya ta san abin da suke gani. Shekara da shekaru allura na sukar yatsun nan, almakashi ya yi musu kanta, dutsen guga ya sha lasar su, zanen da Allah ya yi musu duk ya shafe. Da yatsun nan ta biya kuɗin jirgi da na likita, yau ga wani ɗan gilashi yana cewa bai san su ba. Aka ba ta man shafawa ta murza, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai a kan ƙaramin yatsan hagu wuta ta kawo kore. Wanda bai taɓa tsinana aikin komai ba shi aka yarda da shi. Ta ce a ranta ai ko a gidansu haka ake yi.

Aka sa mata layi, ta biya ba ta ko taya ba, ta dawo ta zauna a kujerar gefen gadon Baba ta kunna. Sabis ya kawo har ya cika. Ta buɗe manhajar da suke tura wa juna murya da hoto, nan ne dangi duk suke, ko ba ta da lambar Auta wani zai ba ta. Manhaja ta ce ta aika da lambobin shiga zuwa tsohon layinta, wanda ke can hannun Masani. Ta duba wajen sunaye, wayar fayau, ko sunan mutum ɗaya babu. To bari ta kira layin nata, shi dai ta san shi a ka tunda shi ne a rubuce a allon shagonta. Ta danna, wata murya ta yi surutu ta katse. Ta kai wa tafinta, tafinta ta saurara ta ce ai wannan layin na data ne zalla, ba ya kira, ba a kiransa, ko saƙo ba ya karɓa, irinsa ake ba baƙi in ba su ce komai ba. Ga intanet har wuya, amma kamar ruwan teku, ba na sha ba. Ta ruga ta hau gadar a karo na barkatai, ta tarar an ja ƙofar ƙarfe an rufe.

Daren nan ba a maganarsa.

Da safe nas biyu suka shigo da gado mai taya da rigar aiki mai igiya a baya. Baba ya yarda aka sa masa rigar, sannan ya ɗora hularsa a kai ya kama ƙarfen gadonsa da hannu biyu. Aka lallaɓa shi, aka kira tafinta, aka kira likita. Tsohon nan da numfashi ma da ƙyar yake ja ya ce shi bai ƙi aiki ba, ɗansa kawai yake jira. Likita ya dubi agogo ya dubi Yaya, ya ce zai fara da wanda ke bayansu. In ya fito bai tarar da Baba a shirye ba, shi ke nan, ba zai tsaga mutum da ƙarfi ba.

Yaya ta ji kamar ta ɗauki tsohon ta sungume shi ta ɗora a gadon. Ta sayar da keken ɗinkinta na biyu saboda tafiyar nan. Ita ta yi jinyarsa, ita ta wanke, ita ta goge, ita ta bi ofis-ofis neman izini, amma yau muryar wanda bai ko rako su tasha ba ita ce abin jira. Ta fice ta nufi kantin layi, don in ta buɗe baki abin da zai fito ba na faɗa wa uba ba ne.

Ta isa ba a buɗe ba. Ta tsaya tana dukan ƙofar ƙarfen da tafin hannu har masu wucewa suna ratsewa. Da mai cingam ya iso yana kaɗa makulli, ba ta bi ta kan injin takarda ba, mai gadi ma da ya ga idonta sai ya matsa. Ta dire wayar a teburi ta sauke masa kwandon Hausa tun daga kakanninsa, ta tambaye shi ko shi bai da uba, ko a kanti aka haife shi tare da cingam ɗin. Bai ji kalma ɗaya ba, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Ta kara hannu a kunne ta nuna masa kira, ta nuna nesa. Nan da nan ya ciro wani layin, ya turo gilashi, ta ɗora ƙaramin yatsan nan tun bai tambaya ba. Ta zube masa abin da ke jakarta ta ce ya loda mata kati duka.

Tun a kan gada ta danna lambarta. A kashe. Ta sake, a kashe. Ta san abin da ya faru kamar tana wurin: masu ɗinki sun dame shi da ina kayana ina kayana, mai kula da kasuwa ya kashe waya ya jefa a durowa ya tafi majalisarsu yana ba da labarin ƙasar waje. Ta tsaya a tsakiyar gadar, motoci na wucewa a ƙarƙashinta, ta yi masa alkawarin abin da zai tarar ranar da ta sauka.

Ta shigo ɗakin tana haki, mayafi a hannu. Nas ɗaya ta nuna mata da yatsu cewa likita ya kusa fitowa. Ta durƙusa gaban Baba ta nuna masa wayar, ta ce ga layi ta samo da gumin goshinta, amma ba ta da lambar Auta, ba ta da ta kowa, tata kuma a kashe. Ya gani dai ta yi iya yinta, yanzu sai ya dubi girman Allah ya kwanta. A can ƙasan ranta har ta ɗan ji sanyi cewa abin ya ƙi.

Baba ya dube ta irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ce kare ya cinye masa littafi. Ya tambaye ta lamba nawa ta sani a ka. Ta ce tata kaɗai.

“Ta uwarku fa? Ko ita ma kin goge?”

Ɗakin ya yi mata ƙunci. Ta ce wannan layin ai ya daɗe da mutuwa, kamfani ba ya ajiye wa mamaci lamba, yanzu haka wani can ne ke riƙe da ita, in ma Auta bai sayar da wayar tun a makon ba. Baba ya ce ta danna dai.

Ba ta ma yi tunani ba, yatsunta suka tafi da kansu. Lambar da ta gani tana haske a kan teburin yanka ranar nan, wadda take gani duk sanda ta rufe ido. Ta kara a kunne tana addu'ar a ce a kashe take. Ƙarar farko ba ta gama ba aka ɗauka, aka yi sallama. Muryar Auta ce.

Ta cire wayar daga kunne kamar ta ƙona ta, ta miƙa wa Baba. Baba bai karɓa ba. Ya saki ƙarfen gadon, ya cire hularsa ya ɗora mata a cinya, ya dafa kafaɗar nas ya hau gado mai taya da kansa ya miƙe, ya sa hannuwansa a ƙarƙashin zane.

“Ni mun gama magana da shi tun kafin mu taso. Kullum a layin nan nake samun sa, bai taɓa barin sa ya mutu ba. Ke ce ba ku yi ba. In na tashi, alhamdu lillahi. In ban tashi ba, ba na so ku tsaya a kaina kowa yana kallon gefe.”

Ya ɗaga wa nas gira, suka tura.

Sai a lokacin ta tuna yadda yake yi wa ɗaliban da suka yi dambe, ya ba su tsintsiya ɗaya su share aji ya ja ƙofa. Wato ita ce ɗalibar. Ya zuba ido ta yi ta hawa gada da sauka, ta fasa dunduniya, ta zagi bawan Allah a kantinsa, ya ɗora zuciyarsa a kan faifai yana caca da ita, duk don wannan. Ta bi gadon a baranda tana so ta gaya masa bai kyauta ba, bai yi mata adalci ba, amma ya lumshe ido abinsa. Ƙofa mai ganye biyu ta haɗiye shi, wata jar wuta ta kama a samanta.

Wayar na hannunta tana magana. Yaya, ke ce? An shiga da shi? Ta zauna a bencin ƙarfe, hular Baba a ɗaya hannun, ta kara wayar a kunne. Auta ya ce tun asuba yake riƙe da ita, Baba ya gaya masa za ta kira. Zagi ya cika mata baki, na shekara biyu, ta jera shi ta san da wanda za ta fara. Amma da ta buɗe bakin wani abu ne daban ya fito.

“Me ta so gaya mini ranar?”

Auta ya gyara murya.

“Ba ita ta kira ki ba, ni ne da wayarta. Da ta ji ina ta kira sai ta ce in ƙyale ki, kin yi wa mutane alkawarin kayansu, kada in sa ki saɓa. Ta ce in kin gama za ki zo. Ni ne na ƙi ji.”

Yaya ta matse hular nan har ta lanƙwashe. Shekara biyu tana kwana da cewa uwarta ta mutu tana kiranta ta ƙi ɗauka.

“Kuma ka sani ka bar ni da wannan?”

“Ɓarawo kika ce da ni, Yaya, a gaban mutane.”

“Ɓarawon ne kai,” ta ce, hawaye na shiga mata baki. “Abin da ka sace mini ya fi waya.”

Bai musa ba. Ta ji numfashinsa, ta ji shi ma yana jan hanci. Ta ɗaga kai ta dubi jar wutar nan, ta gyara zama a bencin.

“Saura ka kashe mini waya kafin a fito da shi. Ba ka san wahalar da na sha a kan layin nan ba.”